Bindiga Guda Mai Aiki Da Yawa

Idan kaka ta yi a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, aka kwashe masara da dawa da waken suya aka kai kasuwar Ɗandume da ta Bakori, kuɗi ya zauna a aljihun manomi, sai shawarwari su taso. Wani aure, wani shanun huɗa, wani kwanon rufi. A cikinsu akwai wanda ya ke shawarar bindiga, domin biri ya dame shi a gona, ko kuwa domin ya gaji farauta daga iyaye. To, bindiga ba fartanya ba ce da za a saya bana a sake baɗi. Wanda ya saya, galibi ita ke nan har ya bar wa magada. Saboda haka tambayar da ta kamaci mai saye ita ce, wace bindiga ce guda ɗaya za ta ɗauki tsuntsu a sama da zomo a ƙasa, na kusa da na nesa?

Akwai waɗansu mutane da suka fi shekara 140 suna gwajin wannan mas'ala, su ne masu wasan harbin faifan laka a ƙasashen Turai da Amurka da na Larabawa. Wasan ba na ƙasarmu ba ne, amma abin da suka gano zai amfane mu, domin mutum ɗaya daga cikinsu ya kan yi harbi a shekara guda fiye da wanda maharbinmu zai yi a tsawon ransa.

Asalin wasan ba kyakkyawa ba ne. A da, attajiran Ingila tantabaru masu rai a ke sakar musu daga akwati suna harbewa, har a wasannin Olimfik na Paris cikin 1900 an kashe tantabaru wajen 300 ta haka. Malamai sun san hani ya zo a cikin Sahihu Muslim ga riƙon abu mai rai abin gwada harbi. Su ma Turawa daga baya abin ya dame su. Cikin 1880 wani mutumin Amurka, George Ligowsky, ya ƙago faifai na gasasshiyar laka wanda a ke cillawa da na'ura, cikin 1921 kuma Ingila ta kafa doka ta hana harbin tsuntsun da a ke sakowa daga akwati. Faifan yau ba laka ba ce tsantsa, garin farin dutse ne da kwalta, faɗinsa milimita 110, watau kamar murfin ƙaramar tukunya. Musulmi kuwa sun shiga wasan sun yi fice. Shaihu Ahmad Al Maktum na Dubai ya ci lambar zinariya cikin 2004, Fuhaid Al-Daihani mutumin Kuwait ya ci tasa cikin 2016.

Wasan iri uku ne, kowanne kuma yana da kama da abin da mu ke gani a dajinmu. Akwai wanda faifai ya ke tashi daga rami a gaban maharbi ya yi nisa da shi, kamar makwarwa idan ta tashi daga kara. Akwai wanda faifai ya ke fitowa daga ɗaki biyu, na hagu da na dama, ya gitta kusa, kamar kurciya da hasbiya a bakin rafi da la'asar. Na uku ya haɗa duka, har da faifan da a ke mirginowa a ƙasa kamar zomo. Kowane iri yana da bindigar da aka ƙera dominsa. Ta farko doguwa ce mai nauyi, an gyara ta ta riƙa jefa harbi sama kaɗan domin abin harbin tashi ya ke yi, in ka ɗauke ta ka nufi zomo sai ta bi ta kansa. Ta biyu ba ta da amfani a nesa. Shi ya sa masanan wasan suka dace a kan cewa mai ikon sayen bindiga ɗaya tak ya sayi ta iri na uku, matsakaiciya.

Abu na farko shi ne faɗin rami. Za ka ji ana cewa lamba 12 ko lamba 20. Lissafin haka ya ke. A ɗauki laba guda ta darma a raba ta kashi 12 daidai, a mulmula kowane kashi, to faɗin dunƙule ɗaya shi ne faɗin ramin lamba 12, wajen milimita 18 da rabi. Ashe ke nan lamba 20 ta fi ƙanƙanta. Lamba 12 ita ce zaɓi, domin tana ɗaukar harsashi mai sauƙi da mai nauyi, harsashinta kuma ya fi samuwa ko'ina.

Abu na biyu shi ne matsin baki, a nan kuwa mafi yawan masu saye su ke yin hasara, domin ido ba ya ganinsa. Wannan bindiga ba ƙwaya ɗaya ta ke jefawa ba, ƙwayoyin darma ne ɗaruruwa su ke fita su bazu. Duk mai noman rani a Mairuwa ko Ɗanja ya san in ya danne bakin tiyo da yatsa ruwa ya kan tsuke ya yi nisa, in ya saki ya watsu a kusa. Haka bindiga. Maƙera su kan ɗan matse ƙarshen rami, hikimar da W. W. Greener na Birmingham ya yaɗa tun 1874. Ma'auninta shi ne a zana da'ira mai faɗin inci 30 a tsaya yadi 40 a harba. Cikakken matsi yana zuba wajen ƙwaya 70 cikin 100 a cikin da'irar, rabin matsi 60, rubu'i 55, rami marar matsi 40.

Mutanenmu sun fi son cikakken matsi, wai ita ce bindiga mai zafi. Ni ban ga hujjarsu ba. Mafi yawan abin da a ke harbi a gona yana tsakanin yadi 20 da 35 ne. A wannan tazara cikakken matsi bai riga ya bazu ba, sai ko dai ka kuskure, ko ka samu ka dagargaza naman har ya zama ba ya ciyuwa. Wannan ita ce fa'idar mai baki biyu. A sa rubu'i a baki ɗaya domin na kusa, rabi a ɗayan domin in ya yi nisa, ka ga bindiga biyu ke nan a ƙota ɗaya. Na zamani ma su kan zo da matsi na ɗaurawa da kwancewa, guda uku ko biyar a akwati. Ɗan kasuwar da ya sayar maka da irin wannan bai ba ka akwatin ba, to ya rage maka kaya.

Mai baki biyu iri biyu ce, wadda bakunan su ke jere da wadda ɗaya ya ke bisa ɗaya. Masu gasa sun koma ga ta biyu tun da kamfanin Browning ya fito da tasa cikin 1931, domin ido ya fi samun hanya a kan baki ɗaya siriri. Amma ga manomi bambancin bai kai a yi gardama ba. Tsawon baki inci 28 ko 30 ya isa. Nauyi laba 7 zuwa 7 da rabi. Wadda ba ta kai haka ba tana dukan kafaɗa, wadda ta wuce kuma mai yawo a gona tun hantsi zai gaya maka labarinta.

Sai dai duk wannan banza ne in ƙota ba ta dace da jikinka ba, kamar takalmi. Wannan bindiga ba saiti a ke yi da ita ba, nuni a ke yi, ido yana kan tsuntsu. Ka rufe ido ka ɗaga ta zuwa kunci, bayan ka tabbata babu harsashi, sa'an nan ka buɗe. In idonka ya sauka daidai bisa doron baki, ta dace. Ka kuma san idon da ya ke jagora a cikin idanunka. Nuna wani abu na nesa da yatsa, ka rufe idon hagu, in yatsa bai goce ba na dama ne jagora. Mutum da yawa yana zargin bindiga alhali yana ɗora ta a kafaɗar dama ne idonsa na hagu ke jagora.

Harsashi kuwa, babbar lamba ƙananan ƙwayoyi. Lamba 7 zuwa 9 ta faifai ce da kurciya, 4 zuwa 6 ta zabon daji da kirinjijiya. A duba rubutun da ke jikin baki, in an ce 70 kada a sa harsashin 76. Kada kuma harsashin lamba 20 ya kwana aljihu ɗaya da na 12, domin ya kan zurma cikin rami ya maƙale, in aka ɗora wani aka harba bindiga ta fashe a hannu. Ta hannu kuwa, a kare ta a duba haske ta cikin rami ko akwai tsatsa ko kumburi, a girgiza a ji ko mahaɗa tana motsi.

Almajirai su kan tambayi hukuncin abin da aka harbe. Kalmar bindiga daga bunduƙa ta ke, watau dunƙulen busasshiyar laka da a ke harbawa a da. Magabata ba su halatta abin da ya mutu da ita ba, domin bugu ta ke yi ba huda ba. Da albarushi ya bayyana sai malaman Malikiyya na baya suka saɓa, kamar yadda Dasuƙi ya kawo a Hashiyarsa. Waɗansu suka ƙiyasta darma da laka suka hana, waɗansu kamar Ibnu Gazi da Abdulƙadir Alfasi suka halatta domin tana huda ta zubar da jini. Sharaɗi a ambaci sunan Allah wajen harbi, in an riske shi da rai a yanka. Dubi yadda zamani ya juya, laka da ta ke abin harbawa ta koma abin da a ke harbi.

Saura maganar hukuma, wadda ya kamata a fara da ita kafin ciniki. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi uku. Adaka, wadda a ke ɗurawa ta baki, lasisinta wurin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Mai baki ɗaya da mai baki biyu, wurin Sufeto Janar. Mai sarrafa kanta da wadda a ke zugawa ta ɗura harsashi, dokar ba ta sa su cikin wannan kashi ba, suna cikin waɗanda aka hana, cikin Janairu 2017 ma kwastan sun kama guda 661 a Legas. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai raunin gani, ko mashayi, laifi ne kuma a yanke baki ya kasa inci 20. Cikin 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasisi, saboda haka kada kowa ya ba da ko kwabo sai ya je hedkwatar 'yan sanda a Katsina ya ji inda magana ta tsaya.

Na san abin da ke zuciyar waɗansu, musamman mutanen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, inda ɓarayin daji suka hana mutane barci, har suka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara cikin Disamba 2020. Amma kada dillali ya ruɗe ka. Bindigar tsuntsu ƙarfinta ya ƙare a wajen yadi 40, ta soja kuwa tana kaiwa ɗaruruwan yadi. Wanda ya tari mai wannan da waccan ya sayar da ransa da arha.

Wanda ya samu izini ya saya, kafin ya nufi gona ya nemi fili, ya kafa faffaɗan kwali, ya auna yadi 20 da 30 da 40 ya harba kowane baki ya ga yadda ya ke zubawa. Ya tabbata babu gida ko makiyayi ko hanyar rafi a bayan kwalin har yadi 300, domin ƙwayoyin da ba sa kashe zabo a can suna iya tsiyaye idon yaro.