Yadda Aka Bi Sawun Motar Hitila Da Aka Daɗe Ana Cewa Ta Goering Ce

A Gidan Tarihin Yaƙi na ƙasar Kanada da ke birnin Ottawa akwai wata doguwar baƙar mota ƙirar Mercedes-Benz, watau irin wadda direbobin ƙasar nan ke kira Marsandi. Tun daga 1945 har zuwa 1982 duk wanda ya riƙe wannan mota, soja ne ko attajiri ko ma'aikacin gidan tarihi, cewa ya ke yi ta Hermann Goering ce, shugaban mayaƙan saman Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawa suka fi sani da Yaƙin Hitila. Ashe duk tsawon wannan lokaci sunan bara aka laƙaba wa kayan ubangidansa. Motar ta Adolf Hitila ce shi kansa, kuma wanda ya tono gaskiyar ma'aikacin laburare ne.

Wannan ƙira ita kamfanin Daimler-Benz ya sa wa lamba 770. Samfurinta na ƙarshe an yi shi ne daga 1938 zuwa 1943, kuma guda 88 kacal aka ƙera. Injinta silinda takwas ne a jere, ƙarfinsa na kai na doki 230. Waɗanda aka yi wa manyan gwamnati an sa musu sulken ƙarfe da gilashi mai kaurin da harsashi ba ya hudawa da sauƙi, shi ya sa nauyin ta Ottawa ya zarce tan huɗu. Ba mota ce da talaka ko ma matsakaicin attajiri ke shiga kanti ya saya ba. Wannan ƙarancin ya kamata ya sauƙaƙa gane mai kowace ɗaya, amma sai ya zama shi ne ya buɗe ƙofar ƙarya, domin duk wanda ya sami guda ɗaya bayan yaƙi ya san kuɗinta zai ninka idan ya jingina ta ga wani babban suna.

A watan Mayu na 1945, yaƙi na dab da ƙarewa, wani sajen sojan Amurka na runduna ta 20 ta motoci masu sulke ya tarar da motar a kan taragon jirgin ƙasa kusa da garin Laufen, a kan iyakar Jamus da Ostiriya, arewa da birnin Salzburg. Sojojin suka sauke ta suka shiga amfani da ita. Daga nan ne labarin Goering ya samo asali, daga bakin wani farar hula da ke aiki a garejin sojojin. Ba shakka maganar ta yi kama da gaskiya, domin Hitila da Goering duka suna da gidaje a kan duwatsun Berchtesgaden da ke wannan yanki, kuma a cikin wannan wata ne Goering ya faɗa hannun Amurkawa a ƙasar Ostiriya. Ba wanda ya nemi takarda. Magana ta fita daga baki ɗaya, ta shiga rahoton soja, daga nan ta shiga jarida, shi ke nan ta zauna.

Aka yi jigilar motar zuwa Amurka, aka zaga da ita garuruwa ana nuna wa jama'a don tara wa gwamnati rancen yaƙi, sa'an nan aka jibge ta a sansanin gwajin makamai na Aberdeen a jihar Maryland. A 1956 sojoji suka yi gwanjonta, wani attajirin Montreal ya saye ta a kan kuɗin da bai kai dala 3,000 ba. Wanda aka ba aikin gyaranta, da ya ke shi ma ya amince ta Goering ce, sai ya nemo hotunan motar Goering yana kwaikwayo. Wannan shi ne babban haɗarin labarin da ba a bincika ba: tun ana faɗarsa da baki, har ya kai ga ana gyara shaidar kanta don ta dace da shi. Motar ta sake canja hannu, kana a 1970 mai ita na ƙarshe, wani ɗan kasuwa na lardin Quebec, ya ba da ita ga gidan tarihin.

Mai kula da laburaren gidan a wancan zamani shi ne Ludwig Kosche, haifaffen Jamus da ya yi ƙaura zuwa Kanada. Jin Jamusanci ya ba shi damar da abokan aikinsa ba su da ita. Ya rubuta wasiƙu zuwa kamfanin Daimler-Benz a Stuttgart da ɗakunan ajiyar takardu da hotuna, kuma tambayarsa ba ta wuce abin da kowane akawun ofishin lasin zai tambaya ba: mece ce lambar shasi, wa ya yi odar motar, yaushe aka kai masa, wace lamba aka yi mata rajista da ita? Lambar da ke maƙale a gaban mota ana iya cire ta cikin minti biyar, fenti kuwa ana sake shi, amma lambar da aka buga a jikin ƙarfe a masana'anta tana da 'yar'uwarta a cikin littafin kamfani. Littafin ya nuna cewa an miƙa wannan mota ga fadar shugaban gwamnatin Jamus a Berlin ran 8 ga Yuli, 1940, watau makonni kaɗan bayan faɗuwar Faransa.

Amma wannan bai ishi Kosche ba, kuma a nan ne ƙwazonsa ya fi bayyana. Fadar tana da motoci irin wannan da dama, waɗansu na baƙi ne, waɗansu na 'yan rakiya. Kasancewar mota ta fada ba ya nufin mai fadar ya taɓa zama a cikinta. Saboda haka ya koma ga hotuna. Da ya ke da hannu aka gina jikin kowace ɗaya daga cikin motocin nan, ba biyu da suka yi daidai ta kowace fuska. Ya ƙidaya tsagogin shan iska da ke gefen murfin inji da waɗanda ke ƙarƙashin gilashin gaba, ya duba fasalin maƙalan ƙofofi, ya gwada da abin da ke cikin tsofaffin hotuna ɗaya bayan ɗaya. Da haka ya haɗa motar Ottawa da lambar rajista 148697, mai haruffan IA na birnin Berlin, ya kuma sami hotunan Hitila a cikinta tsakanin 1940 da 1942. Ya buga sakamakon bincikensa a mujallar After the Battle ta Ingila a 1982.

Abin mamaki, a daidai waɗannan shekaru akwai wata motar irin wannan a Amurka da ta sha akasin haka. Wani ɗan kasuwar Chicago ya karɓe ta daga Suwidin a 1948 a madadin bashin da ya ke bi, ya yi ta yawo da ita a matsayin motar Hitila, jama'a na biyan kuɗi su kalla. A watan Janairu na 1973 aka yi gwanjonta a Scottsdale ta jihar Arizona a kan dala 153,000, kuɗin da ba a taɓa biya wa wata mota a gwanjo ba kafin ranar. Daga baya ta tabbata cewa ta Mashal Mannerheim ce, babban kwamandan sojan Finlan, wanda Hitila ya ba shi ita kyauta a 1941. Irin wannan ruɗani ba ya samun motar da ba ta taɓa barin hannun hukuma ba, kamar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ran 13 ga Fabrairu, 1976, wadda ke gidan tarihi na Onikan a Ikko. Motar da ta bi ta hannun 'yan kasuwa ita ke tara tatsuniya a kowane zango.

Gano gaskiya bai kawo wa hukumar gidan tarihin Ottawa hutu ba, wani sabon nauyi ya ɗora mata. Motar ta zama abin da baƙi suka fi tsayawa kallo, kuma waɗansu masana suka fara damuwa cewa kyanta da ƙyallinta suna ƙawata mulkin da ya hallaka Yahudawa miliyan shida da sauran miliyoyin mutane. A shekarar 2000 shugaban gidan, masanin tarihi Jack Granatstein, ya kawo shawarar a sayar da ita, yana hasashen za ta iya kawo dala miliyan 20 da za a zuba a ginin sabon gida. Jama'a suka yi ca a kansa. Waɗansu suka ce abin tarihi ne da bai kamata a raba yara masu tasowa da shi ba, waɗansu kuwa tsoronsu shi ne kada gwanjon ya kai ta hannun masu sha'awar aƙidar Nazi, su mai da ita abin girmamawa. Cikin ɗan lokaci aka janye shawarar.

Sabon ginin an buɗe shi a watan Mayu na 2005, shekara 60 bayan ƙarewar yaƙin a Turai, kuma aka kai motar can, cikin sashen da ke bayanin Yaƙin Duniya na Biyu. Ramukan harsashin da ke jikin ƙarfenta mai gyaran 1956 ya toshe su, amma gilasanta da suka tsattsage an bar su yadda su ke.