Farauta a Ƙasar Arewa: Bindiga Na Ƙaruwa, Daji Na Ƙarewa

Tarihin kafuwar garuruwan Arewa ta Nijar cike yake da maharba. A Lugu da Bagaji, inda Sarauniya da Baura suka riƙe al'amuran ƙasa tun kafin zuwan sarakunan Arewa, labari yakan fara ne da ƙungurmin daji da mutanen da suka kutsa cikinsa da kwari da baka, suka nemi yardar iskokin wurin kafin su zauna. Bafaranshen nan Marc-Henri Piault ya tattara irin waɗannan labarai na mutanen yankin, Gubawa da Arawa, a littafinsa na 1970. Yau wanda ya bi Dallol Mawri daga Matankari ya gangara Kore Mai Ruwa har Gyasheme, da wuya ya ga abin da ya wuce zomo, kurege, fakara da ƴan zabin daji. Barewa ta zama abin labari, gwanki da jimina kuwa sai a bakin tsofaffi. Amma masu fita farauta ba su ragu ba, bindigoginsu ma sun fi na iyayensu kyau.

Mutane da yawa kan ɗora laifin duka a kan bindiga. Ba ita ta fara ɓarnar ba, gona ce. A ƙidayar 2001, lokacin da Dogon Dutsi da Tibiri suke gunduma ɗaya, mutanen yankin sun kai kusan 494,000. A ƙidayar 2012, shekara guda bayan an ba Tibiri tata gundumar, su biyun a haɗe sun haura 640,000. Kowane sabon magidanci yana buƙatar inda zai shuka hatsi da wake, don haka aka daina barin saura ta huta, aka haura da noma har kan fako. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun kashe itatuwa da dabbobi, mai neman itacen girki ya bi sauran. Fadamun da namun daji ke saukowa shan ruwa da rani sun zama lambunan dankalin turawa, abin da ya rufa wa dubban gidaje asiri, kuma ba mai hankalin da zai ce a tashe su. Dabbar da ba ta da inda za ta haihu ta riga ta ƙare tun kafin a harbe ta.

Sai dai bindiga ta zo ta tarar da ɗan abin da ya rage, kuma a nan ne canjin makami ya yi tasiri. Maharbin zamanin da yana fita da baka da kibiya mai dafin kwankwani. Dole ya matso kusa ƙwarai, shi ya sa yake ɗaura kan burtu a goshi ya yi ta rarrafe kamar tsuntsun, ko ya yi bago a bakin tafki ya kwana yana jira. Aikin yana cin haƙuri da sanin iska da sawu, kuma sau da yawa a dawo hannu rabbana. Bindigar adaka ba ta canza lissafin sosai ba. Ta baki ake ɗura mata albarushi, a danna, a zuba ƙarafa, a sake dannawa. Harbi ɗaya take yi, ƙararta da hayaƙinta su watsa duk abin da ke kusa, kuma in albarushi ya sha raɓa sai ta ƙi tashi. Makamin da kansa yana iyakance abin da mutum zai kashe a wuni.

Bindiga mai lamba 12 ce ta rushe wannan iyaka. Tun zamanin Faransawa aka san Simplex ta kamfanin Manufrance, daga baya Baikal ta Rasha ta mamaye kasuwannin Afirka ta Yamma saboda arha da ƙarko. Karya ta ake yi a tsakiya, a zura harsashi, a rufe, shi ke nan. Harsashin kuma cike yake da ƙananan ƙwayoyin dalma masu bazuwa, ta yadda harbi guda cikin garken zabi zai kayar da da yawa, ya raunata wasu su je su mutu a ɓoye. Maƙera sun koyi kwaikwayonta da bututun ƙarfe, suna sayarwa da rahusa, kodayake irin wannan takan fashe a hannun mai ita ta tafi da yatsu. Sai a haɗa da babur ɗan Sin da tocila mai ƙarfi da ake ɗaurawa a goshi. Zomon da haske ya dallare wa ido tsayawa yake yi cak. Dajin da a da sai an yi kwana biyu a ƙafa, yanzu ana zuwa bayan sallar isha'i a dawo kafin asuba.

Masu riƙe da bindigar ma sun canza. Harbi a da gado ne, yaro na koyonsa a hannun ubansa tare da maganin maciji da na tsari, a ƙarƙashin Sarkin Baka wanda ke iya hana mutum shiga daji. Akwai lokacin da ake buɗewa, kamar yadda bikin buɗin daji na Masalata kusa da Birnin Ƙonni ke tunatarwa har yau, kuma maharbin kirki yana jin kunyar a ce ya kashe mai ciki ko mai goyo. Yanzu ma'aikaci ne ko ɗan kasuwa ko saurayin da ya dawo daga cin rani, yana fita ranar hutu don sha'awa da gasasshen nama cikin abokai. Ba na ganin sha'awar laifi ce. Mutumin da ke son daji har ya bar barcinsa dominsa zai iya zama mai tsaronsa mafi ƙwazo. Matsalar ita ce ya sayi makamin da kuɗinsa amma ba wanda ya koya masa ladabin da ke tafe da shi, kuma ba dattijon da yake jin nauyinsa.

Hukuma ba ta yi shiru ba. An rufe farauta a Nijar a 1974, ba a sake buɗewa ba sai a tsakiyar shekarun 1990. Doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ta hana farautar dare, da bin dabba da mota ko babur, da cinna wa daji wuta don koro nama, da guba, da makaman yaƙi. Ta kuma tanadi takardun izini iri-iri, har da na farautar gargajiya. A rubuce dokar ba ta da aibu. Amma a ganina dogon rufewar nan ta yi wata illa da ba a cika faɗa ba: ta mai da farauta aikin ɓoye, sarakunan baka suka rasa bakin tsawatarwa a fili, alhali ma'aikatan gandun daji ba su da yawan da za su maye gurbinsu. Bindigar maƙeri kuma ba ta da lamba, ba ta cikin kundin kowa, mai ita ya fi ganin alheri a ɓoye ta cikin rumbu da ya kai ta ofis.

Manomi yana biyan wani ɓangare na kuɗin ba tare da ya sani ba. Zabin daji da tuje suna cin fara da tsutsa, dila da yanyawa suna rage ɓeraye da gafiya. In suka tafi, ɓarnar ta koma kan gero. Garaya da kirarin maharba kuma sun koma kayan nuni a ranar tarbar manyan baƙi.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yadda rashin tsaro ya canza ma'anar bindiga a kafaɗa. Gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri suna iyaka da jihohin Sakkwato da Kebbi, kuma tun rushewar Libiya a 2011 makaman yaƙi ke yawo a Sahel. A Nuwamba 2024 rundunar tsaron Najeriya ta ambaci Lakurawa a fili, ƴan bindiga masu kai da komo a dazuzzukan wannan iyaka. Maharbi ya shiga tsaka mai wuya: ƴan bindiga na kallonsa a matsayin ɗan leƙen asirin soja, jami'in tsaro na iya ɗaukarsa ɗan ta'adda, ƙauyensa kuma na roƙonsa ya tsaya gadi da bindigar harbin zabi gaban masu Kalashnikov. Kisan gillar da aka yi wa matafiya goma sha shida ƴan Arewacin Najeriya a Uromi ta jihar Edo a Maris 2025, bayan an ga bindigogin farauta a motarsu, ya nuna inda wannan zargi ke iya kaiwa.

Duk da haka dabba tana dawowa in an ba ta sarari, kuma shaidar tana nan kusa. Raƙuman dawa na Kure da Dallol Boso sun ragu har zuwa 49 a 1996, suka farfaɗo suka haura 600, a cikin gonakin talakawa, ba a bayan shinge ba, saboda ƙauyukan sun ga amfanin barinsu da rai. Arewa ba ta da raƙumin dawa da zai jawo baƙi, amma zabo da fakara da zomo sun fi shi saurin hayayyafa. Damina biyu ko uku ba harbi a wani yanki sun isa a ga bambanci. Izinin farautar gargajiya da dokar 1998 ta tanada ya kamata ya bi ta hannun sarakunan baka da hukumomin gari na Matankari, Ɗan Kasari, Dumega da sauransu, su rubuta sunan kowane maharbi da bindigarsa, har da ta maƙeri, su kuma ware tafkuna da tsaunukan da za a hutar. Mai farautar sha'awa da ya zo daga gari sai ya bi ta wurinsu kafin ya shiga, kuma takardar da ke aljihunsa ita ce za ta raba shi da ɗan ta'adda a shingen jandarma.