Hakiya da Dashen Ido: Abin da Za Ka Yi Bayan Aiki

Maganarmu ta yau a kan hakiya ce, wato farin tabon nan da ke fitowa bisa baƙin ido. Kada ka haɗa ta da yana. Yana can cikin ido ta ke, hakiya kuwa a waje, bisa tantanin nan mai kama da gilashi wanda haske ke bi ya shiga. A ƙasarmu ta Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, abin da kan jawo ta shi ne baƙon dauro, da amosanin ido sa'ad da gashin ido ya juya yana gogar tantanin, da tsinken dawa lokacin girbi, da kuma ruwan ganye da a ke matsa wa ido a gida.

In tabon ya rufe gani, likita ya kan yanke tantanin da ya lalace, ya ɗinka lafiyayye daga idon mamacin da aka ba da izininsa. Wani likita, Eduard Zirm, shi ya fara cin nasarar wannan aiki a 1905, ga wani lebura da farar ƙasa ta ƙone wa idanu. Ba kowane ido ke karɓar dashe ba. Sai an duba tukuna, a asibitin ido irin na ECWA da ke Kano tun 1943, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

To, an yi maka aiki, ka komo gida. Zaren ɗinkin ya fi gashin kai siranta, ya kan yi shekara ko fiye ba a cire ba, gani kuma sannu sannu ya ke dawowa. Kada ka murza idon, ko da ya yi ƙaiƙayi. Ka kwana da marufin da aka ba ka. Ka bar sussuka da sheƙa, ka nisanci hayaƙin murhu, in hunturu ya zo da ƙura ka sa tabarau. Mata su ajiye kwalli. Wajen alwala kada ruwa ya shiga idon, sujada kuma ka tambayi likita ranar da za ka koma yi.

Maganin ɗigawa shi ne babban abu. Jiki ya san tantanin nan baƙo ne, ya kan tashi korarsa, maganin ne ke kwantar da shi. Na sha ganin mutum ya ji sauƙi, kwalba ta ƙare, ya ce ai an gama. Ba a gama ba. Likita ne kaɗai zai rage maka shi, shi ne kuma zai riƙa auna idon, gama maganin ya kan ta da hawan jinin ido ga waɗansu. Wanke hannu da sabulu kafin ka ɗiga, kada bakin kwalba ya taɓa ido.

Ka riƙe alamu huɗu: ido ya yi ja, haske ya dame ka, gani ya dushe, ko zafi ya taso. In ka ga ɗaya, ko bayan shekara biyar ne, ka kama hanyar asibiti ran nan, kada ka jira ranar kasuwa. In an tarbi abin da wuri a kan ceci dashen. Saboda haka ka ware kuɗin mota tun yau, ka ba wani amintacce ajiya.