Badaƙalar kuɗin makamai ta 2020: me ya sa aka ji miliyar 76, kuma aka ji miliyar 32?

Duk lokacin da aka tada zancen cin dukiyar ƙasa a Nijar, sai an ambaci badaƙalar ma'aikatar tsaro. Wani ya ce miliyar 76 aka ci, wani ya ce a'a, 32 ne. To, kowanne adadi da inda ya fito, kuma sanin haka zai taimake mu wajen auna duk labarin abin kunya da ya shigo wayarmu.

Ga yadda abin ya faro. Ranar 10 ga Disamba 2019 aka kashe sojojinmu 71 a Inates, sannan ranar 9 ga Janairu 2020 aka kashe wasu 89 a Shinagodar. Ƙasa na cikin wannan makoki ne aka ji sakamakon binciken da masu sa ido na rundunar soja suka yi kan kwangilolin sayen kayan yaƙi, lokacin Issoufou Katambe na ministan tsaro. Rahoton farko, na wucin gadi, ya nuna asarar sefa miliyar 76. Ku tuna, miliyar ɗaya miliyan dubu ke nan. Hanya biyu aka bi: ƙara wa kaya farashi fiye da kima, da kuma karɓar kuɗi ba a kawo kayan ba.

A watan Yuni 2020 mai gabatar da ƙara na gwamnati a Yamai ya fito ya ce bayan an saurari ƴan kwangilar, asarar ta tsaya a miliyar 32 da miliyan 600. Kun ga ke nan: adadi na farko na masu bincike ne kafin a ji ta bakin waɗanda ake zargi, na biyu kuma bayan an ji su. Ƙungiyoyin farar hula da ƴan adawa na lokacin ba su gamsu da ragin ba. Amma ko wanne aka ɗauka, ba hukunci ba ne. Alƙali kaɗai ke cewa wane ya ci, wane bai ci ba.

Fitar da maganar fili kuwa ba a banza aka yi ta ba. Ranar 15 ga Maris 2020 an tarwatsa zanga-zanga a Yamai da hayaƙi mai sa hawaye, gobara ta tashi a kasuwar Tagabati, mutane aƙalla uku suka rasu. An tsare jagororin farar hula irin su Maikoul Zodi har watanni shida. Ƴar jarida Samira Sabou ma an kulle ta ranar 10 ga Yuni, bayan ɗan shugaban ƙasa na lokacin ya kai ƙarar ɓata suna kan abin da aka rubuta a shafinta na Facebook. Sai ƙarshen Yuli kotu ta sallame ta.

A nan ne abin ya shafi kowa. Dokar laifukan intanet ta 2019 aka yi amfani da ita a kanta. A 2022 an cire ɗauri kan ɓata suna ta intanet, amma a watan Yuni 2024 hukumomin soja suka maido da shi, shekara 1 zuwa 3. Dokar ba ta tsaya kan ƴan jarida ba. Mai tura saƙon murya a WhatsApp daga ƙauye ma tana iya hawa kansa.

Ba muna cewa a yi shiru ba ne. Kuɗin nan na talaka ne, kuma ƴaƴanmu ne ke bakin daga da kayan da aka saya ko ba a saya ba. Sai dai kafin ku tura labari, ku tambayi kanku abu uku: wa ya faɗi adadin? Rahoton farko ne ko na ƙarshe? Zargi ne ko an yanke hukunci? Haka muke yi a nan gidan rediyo, ko maganar ta shafi minista ce, ko kuɗin harajin kasuwar garinmu.