Kurmin Amurum: Yadda Kuɗin 'Yan Kasuwa da Yardar Ƙauye Suka Tsare Daji Kusa da Jos

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Bukuru ko Barikin Ladi ya ga abin da kamfanonin haƙar kuza suka bari a ƙasar Filato. Tun farkon ƙarni na 20 suka yi ta tona ƙasa, aka kuma sare itatuwa domin dubban leburori su dafa abinci. Da kasuwar kuza ta faɗi sai suka naɗe kayansu, suka bar tudun ƙasa da manyan kududdufai waɗanda har yau sukan ci ran yara da dabbobi. Saboda haka in an ce wa mutumin Filato wai wani kamfani ya zo da alheri, ba laifinsa ba ne in ya yi shiru tukuna, yana kallo.

Amma akwai wani wuri da ya kamata mai karatu ya ji labarinsa. Sunansa Amurum, kusa da ƙauyen Laminga a Ƙaramar Hukumar Jos ta Gabas, wajen kilomita 15 daga birnin Jos, a ƙasar Afizere. Girmansa bai wuce kimanin hekta 300 ba. A cikinsa akwai duwatsu, da daji mai ciyawa, da kurmi mai duhu a bakin rafuffuka. Akwai ɗorawa, da maje, da maɗaci, da ɗinya, da kalgo, da ɓaure, irin itatuwan da kakanninmu suka sani ko'ina a kan tsaunin nan kafin gatari ya bi ta kansu. Masana sun ƙirga tsuntsaye fiye da iri 300 a wannan ɗan wuri.

Biyu daga cikinsu ne suka fitar da sunan Amurum waje. Na fari wani ɗan ƙaramin tsuntsu ne ja, mai son zama cikin duwatsu, wanda masanan duniya ba su san shi a matsayin iri dabam ba sai a 1998, sa'ad da wani masani ɗan Amurka, Robert Payne, ya bayyana shi. Na biyun baƙi ne mai sheƙi, kuma ba ya wahalar yin sheƙa. Macen takan saci jiki ta sa ƙwanta cikin sheƙar jan tsuntsun, shi kuwa ya ƙyanƙyashe ya yi reno kamar nasa. Namijin ma kukan mai renonsa yake kwaikwayo. Idan jan ya ƙare, baƙin ma ya ƙare ke nan, kuma dukansu biyu ba a samunsu sai a wurare kaɗan.

To, ina 'yan kasuwa suka shigo? Tsofaffinmu sun san kantunan Leventis, mutanen Kaduna kuma har yau suna kiran wani shataletale da sunan. Anastasios G. Leventis mutumin tsibirin Saifurus ne. Ya kafa kamfaninsa a ƙasar da yanzu ake kira Ghana, daga baya harkar ta yi ƙarfi a Nijeriya, kuma iyalin ne suka kafa kamfanin da ya soma ɗura Coca-Cola a kwalba a ƙasar nan a shekarun 1950. Ya rasu a 1978, aka kafa gidauniya da sunansa a 1979. Wani daga cikin iyalin, A. P. Leventis, mai son tsuntsaye ne ƙwarai, shi ne kuwa ya ɗauki nauyin cibiyar binciken tsuntsaye da aka gina a Amurum, wadda ake kira APLORI.

Abin lura shi ne yadda aka ƙulla maganar a 2001. Ba a zo an sayi daji an kewaye shi da waya ba. Hannu huɗu ne a ciki: mai ba da kuɗi, da Jami'ar Jos, da ƙungiyar kare muhalli ta Nijeriya wadda ake kira NCF, da jama'ar Laminga, waɗanda ƙasar tasu ce. Daga 2002 cibiyar ta soma koyar da digiri na biyu kan kiyaye halittu, ɗalibai kuma suna zuwa daga Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Da asuba sukan kafa raga, su kama tsuntsu, su auna shi, su sa masa ɗan zobe mai lamba a ƙafa, su sake shi. Ta irin wannan aiki ake bin sawun tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai, su ƙetare hamada, su zo su yi rani a gonakin Filato. An kuma ɗauki 'yan ƙauyen aiki, wasunsu har sun zama idon masanan, gama yaron da ya tashi da gwafar harbin tsuntsu ya riga ya san kukan kowanne.

Kada dai mu ɗauka abin kyauta ne ga mutanen ƙauye. Tsare daji yana da tsada, kuma ba mai kuɗin ne kaɗai yake biya ba. Macen da aka ce kada ta sari itace a nan, dole ta ƙara tafiya kafin ta hura wuta. Manomin da gonarsa ta acca ta gaji yana ganin ƙasa mai kyau kwance, ba dama ya share. Mai shanu yana ganin ciyawa da rani. Ga wutar daji, wadda ba ta san iyaka ba. A ganina, a nan ne ake gane ko kamfani da gaske yake yi: ko ya tuna da waɗannan mutane shekara bayan shekara, ko kuwa ya ɗauki hoto ranar buɗe wuri ya tafi. Dajin da maƙwabtansa ba su ga amfaninsa ba, masu gadi goma ba za su iya tsare shi da dare ba.

Iyalin Leventis sun taɓa wannan matsala ta wata hanya kuma. Tun 1988 gidauniyarsu ta Nijeriya take horar da matasa manoma kyauta, har tsawon shekara guda. Ta buɗe makarantu a Ilesha, da Dogon Dawa a Jihar Kaduna, da Panda a Jihar Kano, da Tumu a Jihar Gombe, da wasu wurare. Ana koya noma da kiwo, da haɗa taki, da shuka itatuwa tare da amfanin gona. Dangantakar a fili take. Manomin da ya iya raya tsohuwar gonarsa ba ya bukatar cin sabon daji kowace shekara uku, wanda kuma ya shuka itatuwa a gefen gona yana da inda matarsa za ta sami makamashi.

Birnin Jos kuwa yana ta matsowa gabas, filaye suna tsada, buhun gawayi ma haka. Yarjejeniyar ta haura shekara 20 yanzu, yaran da aka haifa a Laminga a shekarar da aka sa mata hannu sun zama magidanta masu neman wurin gini da gona. Su ne za a sake zama da su, domin iyayensu ne suka ce i a 2001.