Kiwon macijin masara: rayuwarsa na rataye da ma'aunin zafi

A Amurka da ƙasashen Turai, akwai masu kiwon maciji cikin gida kamar yadda wasu ke kiwon kyanwa ko tantabara. Wanda aka fi ba sabon mai kiwo shawarar ya fara da shi shi ne macijin masara, wanda Faransawa ke kira « serpent des blés », masana kuma Pantherophis guttatus. Asalinsa kudu maso gabashin Amurka ne, jihohi irin su Fulorida, Jojiya da Karolina. Ba shi da dafi, ba shi da faɗa, tsawonsa yakan kai mita 1 zuwa mita 1 da rabi, kuma idan ya samu kulawa yana iya yin shekara 15 zuwa 20. An ce sunan ya samo asali ne daga rumbunan masara, inda manoma ke yawan ganinsa yana farautar ɓeraye.

Ciyar da shi ba wuya: ɓera ɗaya a mako ga ƙarami, babba kuma kowane kwana 10 zuwa 14. Inda sababbin masu kiwo suka fi yin kuskure shi ne wajen daidaita zafin akwatin gilashin da ake ajiye shi.

Me ya sa zafi ke da wannan muhimmanci?

Jikin mutum na tsayawa a digiri 37, ko ana ɗari ko ana bazara. Na maciji ba haka yake ba, zafin wurin da ya kwanta shi ne zafin jikinsa. Duk wanda ya ga ƙadangare yana shan hantsi bisa katanga, da rana ta take ya sulale cikin inuwa, ya ga yadda abin yake. A daji macijin masara yakan yi wannan kai da kawo da kansa. Cikin akwati kuwa, abin da mai shi ya tanada kawai zai samu.

Saboda haka ba zafi ɗaya ake nema wa akwatin ba. Ana son gefe ɗaya ya yi ɗumi, ɗayan ya yi sanyi, macijin ya zaɓi inda jikinsa ke buƙata. A gefen ɗumi yake narkar da abinci, a gefen sanyi yake hutawa.

Alƙaluman da ake bi

Gefen ɗumi ya kasance tsakanin digiri 28 da 30, wurin da ya fi ko'ina zafi kada ya wuce 32. Gefen sanyi ya tsaya tsakanin 22 da 25. Da dare zafin na iya sauka zuwa 20 ba tare da matsala ba, amma a guji barinsa ƙasa da 18. Kafin a samu wannan bambanci sai akwatin ya yi tsawo: ga babban maciji, ana so ya kai santimita 120.

A lura da wani tarko. Yawancin bayanan da ke intanet daga Amurka suke, kuma can da ma'aunin Farenhait ake ƙirga zafi. Idan aka ga 85, digiri 29 ke nan a ma'aunin Salsiyos da muka saba da shi. 75 kuma 24 ne.

Kayan aiki

Ana ɗumama akwatin da ƴar tabarma mai aiki da kuran, wadda ake sawa ƙarƙashin gilashi, ko da ampul mai ba da zafi daga sama. Ko wanne aka zaɓa, a gefe ɗaya kawai ake sa shi, tabarmar kuma kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na faɗin ƙasan akwatin. Dole a haɗa shi da tarmosta, wato na'urar da ke yanke kuran idan zafi ya kai iyakar da aka sa mata. Tabarmar da ba ta da tarmosta tana iya wuce digiri 40, maciji kuwa yakan ci gaba da kwanciya a kanta har cikinsa ya ƙone. Idan ampul na cikin akwatin, sai a kewaye shi da ragar ƙarfe don kada macijin ya nannaɗe shi.

Ana sa maɓoya biyu, ɗaya a kowane gefe. Idan ɗaya ce tak, macijin zai zauna cikinta ko da zafin wurin bai dace da shi ba, domin ɓuya ta fi masa komai.

Awon ma da ƙa'idarsa. Tafin hannu ba ma'auni ba ne: wurin da mutum ya taɓa ya ji ɗan ɗumi, mai yiwuwa ya riga ya yi wa maciji yawa. Ana amfani da ma'aunin zafi mai lambobi guda biyu, a ajiye kan wayarsu a ƙasa inda macijin ke kwanciya, maimakon a manna su can sama jikin gilashi. Tunda yakan kutsa ƙarƙashin shimfiɗa, a auna gilashin da ke bisa tabarmar shi ma.

Alamun da ke nuna akwai gyara

Idan sanyi ya yi yawa, macijin kan ƙi cin abinci, ko ya amayar da ɓeran kwana biyu ko uku bayan ya haɗiye shi. Idan ana jin ƙara a numfashinsa, ko ana ganin kumfa a bakinsa, sai a nemi likitan dabbobi. Idan zafi ne ya yi yawa, za a ga ya lafe a gefen sanyi, ko ya daɗe cikin kwanon ruwa, ko yana ta zagaye yana neman mafita. Zafin da ya kai 35 a duk faɗin akwatin na iya kashe shi.

A Turai sanyi ake yaƙa, a nan kuwa lamarin ya juye. A Yamai, Maraɗi ko Damagaram, zafin watan Afrilu da Mayu kan wuce digiri 40, ke nan gefen sanyi ba zai samu ba sai da na'urar sanyaya ɗaki. Fanka ba ta wadatarwa, domin maciji ba ya gumi. Idan kuran ya ɗauke da tsakar rana a ɗaki mai rufin kwano, akwatin gilashi sai ya koma tanda. Haka kuma kada wannan bayani ya sa wani ya gwada kiwon macijin da ya kama a gona: kububuwa, kasa da gamsheƙa na ƙasarmu masu kisa ne.

Ƙwararrun masu kiwo na da dokar da ba su ƙetarewa: akwati kafin maciji. A haɗa komai, a kunna, a rubuta awon gefuna biyu da safe, da tsakar rana da kuma cikin dare har tsawon mako guda. Idan alƙaluman sun tsaya inda ake so, sannan a kawo macijin. Idan ba su tsaya ba, a dakata da sayen.