Cire dauɗar kunne a asibiti: Wace hanya ce ta dace da kai?

Idan kunnenka ya toshe, kana jin maganar mutane kamar daga nesa, kada ka yi saurin ɗaukar tsinken ashana, gashin kaza ko murfin biro. Ramin kunnen babban mutum bai wuce santimita 2.5 ba, kuma a ƙarshensa dodon kunne yake, wanda ɗan tsokano kaɗan ke iya fasawa. Tsinke mai auduga ma ƙara tura dauɗar ciki yake yi.

Ita dauɗar kunne ba cuta ba ce. Tana tare ƙura da ƙwayoyin cuta, kuma tana fitowa da kanta yayin da kake tauna ko magana. Sai ta cunkushe ta hana ji ne ake cire ta. Hanyoyi uku likitoci suka fi bi.

Ta farko ita ce wanke kunne da ruwa. Ana fara ɗiga maganin laushi ko man zaitun na kwana uku zuwa biyar, sannan ma'aikacin jinya ya fesa ruwa mai ɗumin jiki, wajen digiri 37. Idan ruwan ya yi sanyi ko zafi, jiri zai ɗebe ka. Wannan hanya ta fi samuwa, amma ba a yi wa wanda dodon kunnensa ya taɓa fashewa, ko aka yi masa tiyatar kunne, ko kunnensa ke zubar da mugunya. Mai ciwon sukari ya sanar da likita tukuna, domin kunnensa ya fi saurin kamuwa da cuta.

Ta biyu ita ce zuƙewa da na'ura. Likita na kallon cikin kunnen da madubi mai ƙara girma, yana janye dauɗar da siririn bututu. Ba ruwa a ciki, don haka ta dace da waɗanda aka hana wankewa. Matsalarta ƙara, kuma ba kowane asibiti ke da na'urar ba.

Ta uku ita ce ƙwaƙulowa da ɗan ƙarfe mai lanƙwasa a kai. Tana da amfani idan dauɗar ta bushe kusa da bakin kunne, amma tana buƙatar hannun gwani da majiyyaci mai natsuwa. Shi ya sa take da wuya ga yaro mai mutsu-mutsu.

Kyandir ɗin kunne da ake tallatawa kuwa, ba ya fitar da komai, ƙuna yake jawowa.

Nemi sashen kunne, hanci da maƙogwaro a manyan asibitoci irin su asibitocin koyarwa na Legas da Ibadan, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Idan da ciwo, jini, mugunya, ko jinka ya ɗauke farat ɗaya, kada ka ɗiga komai a kunnen. Je asibiti a ranar.